Ramin da Ya Fito ta Hagu

Yayana Bawa ba ya duniya. Ya rasu kafin azumin bana, muka kai shi makwancinsa a Bungudu, kusa da mahaifinmu. Cikin 'ya'yan Inna ni kaɗai na rage. Idan na ba da labarin da, babu sauran wanda zai katse ni ya ce, "Bello, ba haka anka yi ba."

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Elemantare na tsaya, na shiga tasha na koyi tuƙi. Ku yi haƙuri da rubutuna. Amma abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, ba ji na yi ba.

Akwai wani attajiri a Bungudu mai suna Alhaji Buba, wanda na yi wa tuƙin a-kori-kura a shekarun saba'in, lokacin muna Jihar Arewa maso Yamma. Ba marowaci ba ne, ba ya kuma cin haƙƙin ma'aikaci. Ciwonsa ɗaya ne: bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka gaishe shi a daƙile, ya ce akwai abin da ka ji.

Bayan farin da aka yi a 1973, Alhaji ya sayo injin ban ruwa, ya kafa shi a bakin gulbi, ya dasa albasa fili guda. A fadamar nan kaf injuna biyu ne, nasa da na Sarkin Noma. Lambunansu iyaka ɗaya, kuma ba sa ga maciji.

Albasa ta kama, ta yi kore shar, sai injin ya fashe. Abin da ya tsage wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, mu tukunya muke ce masa. Ruwa yana shiga cikinsa ya fita ta wani rami a gefen dama, inda ake ɗaura bututu. A gefen hagu kuwa akwai babbar tayar ƙarfe mai juyawa, ko yatsa ba ya shiga tsakani. Muka nema a Gusau, muka aika Zariya da Kano, babu irinsa. Sai dai a ƙera.

A Gusau mutum ɗaya kowa ya sani da wannan aiki, Yohanna, mutumin kudancin Zariya. Ya daɗe a wurin gyaran jirgin ƙasa, ya bari, ya kama hayar rumfa ya sa injin sassaƙa ƙarfe da na walda. Da rumfar nan yake ciyar da matarsa Dibora da 'ya'yansu.

Na ce wa Alhaji mu ɗauko Yohanna ya ga injin, ko mu kai masa tukunyar da ta fashe.

"Wane Yohanna?" in ji shi. "Wanda ke zuwa lambun Sarkin Noma yana gyara mishi nashi? In kawo shi ya ƙare wa injina kallo, ya kai rahoto? Ko ƙusa ba ta fita daga lambun ga."

"To, Alhaji, ta yaya zai ƙera abin da bai gani ba?"

"Yayanka ba zane yake yi ba? Ɗan gida ne. Ya zo ya zana, a kai wa wancan takarda."

Yaya Bawa ya yi makarantar koyon sana'a a Kaduna, a hannun wani malami Ba'amurke. Lokacin yana aiki a Gusau, a wani shirin noma mai injunan Amurka, aikinsa zana ƙarafan da za a ƙera. Ya zo lambun da fensir da rula, ya tsuguna ya auna tukunyar ta kowane ɓangare. Ya zana ta sau uku a takarda ɗaya: yadda take ta gaba a tsakiya, yadda take ta sama a bisa, sai hoton gefe a hannun dama, ga ramin bututu a cikinsa zagaye sumul. Ni na kai wa Yohanna takardar.

Yohanna ya duba, ya gyaɗa kai. "Wanda ya yi wannan ya san aiki," ya ce. Bai tambayi komai ba, ni ma ban ce komai ba.

Da ya gama na ɗauko, muka nufi lambu da Alhaji. Tukunya ta zauna daram, kowane noti ya shiga mazauninsa. Sai muka nemi ramin bututu. Babu shi a dama. Yana hagu, ya manne da tayar ƙarfe.

Alhaji ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya juya ya kalli lambun Sarkin Noma, inda injinsa ke ta kuka, ruwa na malala cikin kwami.

"Kun gani?" ya ce a hankali. "Kome daidai, sai wuri guda. Wanda bai iya ba ko'ina yake ɓatawa. Wanda anka biya, wuri guda yake ɓatawa."

Aka kira Yaya Bawa. Ya buɗe takarda ya duba, ya duba ƙarfen, ya ce zanensa dai rami a dama ya nuna. Ya ce a mayar wa Yohanna a ji ta bakinsa. Alhaji ya ce ba mai sake taka rumfar nan. Ya ba ni takardar ya ce in tafi Tsafe, akwai wani mai irin aikin ana ce da shi Nomau, kada in gaya wa kowa, ko yayana.

Kafin Nomau ya gama, magana ta riga ta zagaya. A tasha aka ce Sarkin Noma ya ba Yohanna buhun gero. A kasuwa aka ce ba gero ba ne, keke ne. Wani ya rantse ya gan su suna ƙus-ƙus bayan masallacin Juma'a, bai ko tsaya ya tuna Yohanna coci yake zuwa ba. Masu injin niƙa da direbobin da suka kai masa aiki suka fara zuwa suna kwashe kayansu, ba a ko gama ba. Alhaji kuma ya je wurin mai filin da rumfar take, ya je wurin mai unguwa, ya ce a tashe shi, baƙon da ke cin amana ba abin zama da shi ba ne. Mai unguwa ya sa ranar Asabar a zauna.

Albasa kuwa ganyenta ya fara kwanciya. Alhaji ya ɗauki mutane suna ɗibar ruwa da garwa, amma garwa ba ta shayar da fili guda.

Na ɗauko tukunyar Nomau daga Tsafe. Muka ɗora. Noti ya shiga, komai ya zauna. Rami yana hagu.

Ban taɓa ganin fuskar Alhaji kamar ranar ba. Ya sa aka bincika masa, aka dawo da labari cewa Nomau da Yohanna tare suka koyi aiki a wurin gyaran jirgin ƙasa, ubangidansu ɗaya.

"Shi ke nan," ya ce. "Haɗin baki ne. Kai Bello, wa ka gaya wa za ka Tsafe?"

"Wallahi ban gaya wa kowa ba, Alhaji."

"Ƙarfe ne ya tashi ya tafi Gusau ya faɗa?"

Ya sa na kira masa Yaya Bawa. Ya ce masa ranar Asabar zai tsaya gaban mai unguwa da takardarsa, ya shaida cewa zane daidai yake, duk mai gaskiya in ya karanta dama zai huda. Iyakar abin da yake so ke nan.

Yaya Bawa ya ce, "Ubangidansu guda, ka ce?"

"Ka ji da kunnenka."

"Alhaji, zan zo ranar Asabar. Amma sai na ga Yohanna tukuna."

"Ka gan shi ka yi mi? Ku daidaita baki?" Alhaji ya matso yana kallon cikin idonsa. "Ko kai ma an ba ka naka? Ka san zane naka ne. In bai ɗauki laifin ga ba, kanka zai dawo."

"Na sani," in ji Yaya Bawa. "Amma ba ni rantsuwa a kan zuciyar mutum ban ko tambaye shi ba."

A hanya na ce masa, "Yaya, kai fa ka ce zanenka daidai yake."

"Har yanzu haka nake gani. Amma mutum biyu, ɗaya Gusau ɗaya Tsafe, sun huda wuri guda ba ko kaucewa. In ɓarna ce, kowa da irin tashi. Wannan ya fi kama da karatu."

Muka iske Yohanna da hantsi, zaune a kan benci, injinsa a kashe. Dibora ta kawo masa abinci yana nan a rufe. Da ta gan mu sai ta miƙe ta ɗaura hannu a ƙugu.

"Kun zo ku auna rumfar ne, ku ga wa za ta isa?"

"Sannu, uwargida," in ji Yaya Bawa. "Wurin maigida na zo. Ni ne na yi zanen."

Yohanna ya ɗago. "Kai ne? To, Malam, zanenka na bi. Layi bayan layi. Ban san injinku ba, ban san lambunku ba, an hana ni gani kamar zan sace shi da ido. Yau yarana ba sa iya zuwa famfo ɗibar ruwa sai an kira su 'ya'yan maci amana."

"Ban zo da zargi ba. So nake ka nuna mini yadda ka karanta."

"In nuna maka? Aikin da na fara tun kana rarrafe?"

"Ƙila tun ban fara rarrafen ba. Nuna mini dai."

Yohanna ya yi tsaki, amma ya tashi. Ya karɓi takardar daga hannun Yaya Bawa, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya dangwala yatsa a hoton da ke hannun dama. "Ga rami. Hoton da ke dama, gefen hagu ne. Ko ɗan koyo ya san wannan."

"Hoton da ke dama gefen dama ne," in ji Yaya Bawa.

Suka kalli juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ji kunya. Ba wanda ya ji.

Akwai sabulun wanki mai kusurwa huɗu a bakin tebur, wanda Yohanna ke wanke hannu da shi. Yaya Bawa ya ɗauka, ya huda gefen damansa da ƙusa, ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Ga tukunya. In za ka zana gefenta a dama, ya kake yi?"

Yohanna ya sa yatsa ya mirgina sabulun zuwa dama. Gefen da aka huda ya kifa ƙasa, gefen hagu ya taso sama, babu rami. "Haka. Ina tsaye wurina, ƙarfe ke mirginawa. Abin da ya taso shi nake zanawa."

Yaya Bawa ya mayar da sabulun yadda yake. Bai taɓa shi ba. Ya taka ya zagaya ta dama, ya sunkuya ya leƙa ramin. "Ni kuwa ƙarfe yana wurinsa, ni ke zagayawa. Abin da na gani a dama, a dama nake sa shi."

Yohanna ya sake mirgina sabulun, ya mayar, ya zagaya shi ma ya leƙa. Sai ya zauna a bencin a hankali.

"Wa ya koya maka?"

"Ba'amurke."

"Ni kuwa Bature ɗan Ingila ne ya koya mini." Ya jawo takardar ya duba ƙasan kusurwarta. "Ina mazurarinka?"

A nan na fara jin cewa masu zane suna da wata 'yar alama mai kamar mazurari da suke sawa a kusurwar takarda, wadda ke gaya wa mai karatu wace hanya aka bi cikin biyun. Yaya Bawa bai sa ba, don inda yake aiki kowa hanyar Amurka yake bi, ba wanda ya taɓa neman alama. Yohanna bai nema ba, don inda ya koyi aiki takarda duk ta Ingila ce.

"Da na sa," in ji Yaya Bawa.

"Da na tambaya," in ji Yohanna.

Dibora ta dube su duka biyun. "Wato saboda sabulu za a kore mu daga Gusau?"

Ranar Asabar zauren mai unguwa ya cika. Alhaji Buba ya zo cikin babbar riga, mai filin yana gefensa. Yohanna ya zauna daga bakin ƙofa shi kaɗai, ba wanda ya matsa kusa da shi. Da aka ce Yaya Bawa ya yi magana, bai fito da takarda ba. Ya zaro sabulu daga aljihu. Aka yi dariya, wani ya ce, "Malam, wanka za a yi?"

Ya ajiye shi a kan tabarma, ya zagaya ya nuna tasa hanyar. Ya kira Yohanna ya mirgina ya nuna tasa. Mai unguwa dattijo ne mai son ya gane abu da kansa, ya sauko daga kan buzu ya mirgina, ya kuma zagaya yana riƙe da gwiwa.

"Ashe canjin hannu ne," ya ce. "Irin na bara waccan da anka ce motoci su bar hagu su koma dama. Kowa bisa ƙa'idarsa yake, amma in sun haɗu titi guda sai karo."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Yaya Bawa. "Kuma alamar da za ta raba su ni ne ban sa ba. In akwai wanda za a tuhuma, a fara da ni. Wannan bawan Allah abin da ya gani ya ƙera."

Alhaji bai sauka da sauƙi ba. Ya ce sun haɗa baki ne sun zo da wasan yara. Ya ce ina aka taɓa jin karatu iri biyu a takarda guda.

Mai unguwa ya juyo wurinsa. "Alhaji, tambaya guda. Mutumin ga ya taɓa ganin injin naka?"

"Bai gani ba."

"Wa ya hana?"

Kowa a zauren ya juya ya dubi Alhaji.

Yohanna ya ce, "Ranka ya daɗe, a kai ni lambun yanzu. In ruwa bai fito ba kafin la'asar, ni da kaina zan kwashe kayana."

Ni na tuƙa su. Alhaji yana gaba, Yohanna da Yaya Bawa suna baya da kayan aiki. Da muka isa, Yohanna ya tsaya gaban injin, kallo ɗaya ya yi wa tayar ƙarfen ya girgiza kai. "Ko makaho ya shafa wannan ya san ba a sa bututu a nan." Ya toshe ramin hagu, ya huda na dama, Yaya Bawa yana riƙe masa. Aka ja injin, ya yi tari, ya kama. Ruwa ya fito ana kiran la'asar.

Amma ruwan ya iske gawa. Fiye da rabin albasar ya riga ya ƙone, sai wadda ke kusa da gulbi ta farfaɗo. Alhaji ya bi kwami kwami yana tsinkar busasshen ganye yana murzawa a hannu. Aikin da za a yi a yini guda da ya bari an gani, shi ya cinye masa noman rani.

Ba mutum ba ne da ya iya ba da haƙuri. Ya zo ya tsaya kusa da Yohanna yana kallon ruwa, ba ya kallonsa.

"Na yi maka zato," ya ce.

"Ka yi, Alhaji. Kuma ba a ɗaki ka yi ba, a kasuwa ka yi."

Da ranar kasuwa ta zagayo, Alhaji ya sa na kai shi rumfar Yohanna da rana tsaka. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ya zauna inda duk mai wucewa zai gan shi, ya ci gyaɗa tare da shi har azahar. Bai ce wa kowa komai ba. Kafin sati ya zagayo, masu injin niƙa sun fara dawo da kayansu, kowa yana cewa shi dama bai yarda da maganar ba.

Yohanna bai bar Gusau ba. Bayan 'yan shekaru shirin noman da Yaya Bawa ke yi wa aiki ya rufe, aka sallame su, ya zauna gida da iyali ba abin yi. Yohanna ne ya zo har Bungudu a kan babur ya ce masa, "Akwai wuri a rumfa. Kai ka zana, ni in ƙera. Amma ka zo da mazurarinka." Tare suka yi aiki har ƙarfinsu ya ƙare. Da rumfar nan Yaya Bawa ya aurar da 'ya'yansa.

Bara jikarsa Wasila, wadda ke karatun injiniya, ta zo hutu da kwamfutarta. Ta nuna masa yadda suke zana ƙarafa yanzu, ba fensir ba rula. Kafin ta jera hotunan gaba da sama da gefe, sai da ta shiga wani wuri ta zaɓi hanya ɗaya cikin biyun nan, alamar ta fito da kanta a kusurwa. Ya sa ta canja zuwa ɗaya hanyar, hoton gefe ya yi tsalle ya koma ɗaya hannun. Ya sa ta sake. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Duba ta kullum kafin ki aika wa maƙeri," ya ce mata. "Kada ki ɗauka idonki ne idon kowa."

Darasi: Ba duk wanda ya saɓa maka ba ne ya ci amanarka. Wani abin da aka koya masa ya bi, kamar yadda ka bi naka. Kafin ka kai sunan mutum kasuwa, taka ka je inda yake tsaye, ka ce ya nuna maka abin da ya gani. Zato ya ƙone wa Alhaji Buba albasa, saura kaɗan ya raba wani da abincin 'ya'yansa, tambaya ɗaya ta kashe wutar. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa, musamman masu aiki da hannu da masu ba su aiki.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni da addu'a. Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya ƙi yin shaida a kan abin da bai bincika ba, Allah ya sauƙaƙa masa hisabi. Mu da muka rage, Allah ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya sa mu cika da imani. Ku ce amin.